Hannun Mai Kitso

Nas ta zagaya tef ɗin awo a damtsen Mai Kitso, ta duba, ta sassauta, ta sake ja, sai ka ce lambar za ta ji kunya ta koma baya.

"Ya ƙaru ko?" in ji Mai Kitso.

"Kaɗan."

"Ke dai faɗi gaskiya, 'yar nan. Ni nake ɗauke da shi."

"Santimita biyu a kan na wancan watan, Mama."

Hannun dama ne. Wata takwas ke nan da aka yi mata aikin ciwon dajin nono, kuma tun a wata na uku hannun ya fara cika, daga hammata har yatsu, ya koma kamar taɓarya. Shekara ashirin da biyu tana kitso da shi. Yanzu tsinken tsaga ma zamewa yake yi ya faɗi, in ta ɗaga hannun minti biyar kafaɗa ta hau zogi. Matan da ke cika bencin shagonta sun koma shagon tsallaken titi, ba ta kuma ga laifinsu ba, kai ba ya jiran hannu ya warke. Tambaya ɗaya ta kawo ta yau: kumburin nan zai sace, ko ta mayar wa mai gida makullin shago?

A wannan ɗakin, kafin aikin, wannan nas ɗin ta zaunar da su ita da Yayanta ta yi musu bayani. Ta ce a hammata akwai 'yan ƙananan kaluluwa, kuma in ciwon zai yaɗu, ta nan yake fara bi. Yadda aka saba, kwashe su ake yi gaba ɗaya. Amma asibitin yana wani bincike: a yi allurar ruwa mai launin shuɗi, a bi shi a ga kaluluwar da ya fara isa, a cire ita kaɗai a duba. In babu ciwo a cikinta, a bar sauran. Ba a tabbatar wace hanya ta fi ba, shi ya sa ake gwadawa, kuma ƙuri'a ce ke raba marasa lafiya gida biyu. Mai Kitso ta ji an ce ƙaramin aikin bai cika kumbura hannu ba, ta sa hannu. Aka buɗe ambulan, ƙaramin aikin ya faɗo mata.

Nan Yaya ya miƙe. Bakanike ne, shekara talatin a ƙarƙashin mota, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, kuma a duniyar nan bai taɓa ganin abin da ba inji ba.

"Ƙuri'a? Da ran mutum?" ya ce. "Wato ƙanwata ce zakaran gwajin dafi. Ni in na sauke inji ba na canza fulogi ɗaya in bar saura, gobe mota ta dawo mini. Tunda za a buɗe, a share wurin tas."

Nas ta dube ta, ta ce maganar tata ce, ba ta kowa ba. To, a ina? Mutumin da ya sayar da kekensa ya sa ki makaranta, ki buɗe baki a gaban baƙi ki ce masa a'a? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda Yaya ya ce." Aka cire sunanta daga binciken, aka yi mata babban aiki.

Yau Yaya ya sauke ta a ƙofa ya tafi neman inda zai ajiye mota, shi ya sa karo na farko ta shiga wurin likita ita kaɗai. Likitan ya danna fatar hannun da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Likita, zai sace?"

Ya cire tabarau. Ta tsani likita ya cire tabarau.

"Zai ragu in kina ɗaure shi kina motsa shi yadda aka nuna miki. Amma ya koma kamar da, ba zan yi miki wannan alkawarin ba."

"Kitso fa?"

"Kai ɗaya a yini, wataƙila. Da hutu a tsakani."

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. Kai ɗaya, ita da take sallamar bakwai kafin la'asar.

"Kaluluwa nawa kuka cire?"

Ya buɗe fayil. "Goma sha tara."

"Nawa ne ciwon ya kama?"

"Ko ɗaya. Ai an faɗa wa yayanki tun bayan aikin."

An faɗa masa kam. Ya fito yana washe baki yana cewa an share wurin tas, ita kuma ta ɗauka ciwo aka share.

"Tsaya, likita. In da an bar ni a inda ƙuri'a ta sa ni?"

Nas ta shiga gyara takardun da ba su hargitse ba.

"Da ta farkon za mu cire, mu duba, mu ga babu komai, mu tsaya."

"Da sha takwas ɗin suna nan."

"Da suna nan. Amma ki sani, a ranar babu wanda ya san haka. Ni ma ban sani ba. Yayanki tsoro ya ji."

"Kowa ya ji tsoro," ta ce. "Ni ce dai na tafi gida da hannun."

Nas ta naɗa mata bandeji daga yatsu har kafaɗa, ta taya ta jan mayafi a kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san wa za ta ɗora wa laifin ba. Yaya bai yi don mugunta ba, garin neman gira ne aka rasa ido. Ita kuma da bakinta, lafiyayye, ta ce yadda Yaya ya ce.

Tun daga ƙofa ta jiyo muryarsa a baranda. Ya sami wuri a bencin jira, kusa da wani mutum mai rigar masu gadi da matarsa. Matar siririya ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, a kan cinyarta ga takardar shiga binciken nan mai shafi huɗu, irin wadda Mai Kitso ta taɓa sa wa hannu. Takardar tana wurinta, amma mijin ne riƙe da biro.

"Kada ka yarda, malam," Yaya yake cewa. "Mu ma haka suka so yi mana, na taka musu birki. Aikin rabi da rabi ba aiki ba ne. Yauwa, ga ta nan. Dube ta, garau. Ƙanwata, gaya musu."

Mutumin ya dube ta yana jira. Matar ba ta ɗago ba.

Mai Kitso ta zauna a gefen matar, ta yaye mayafin, ta cire ƙugiyar bandejin da hannun hagu ta fara warwarewa. Ba ta yi sauri ba. Bandejin ya taru a ƙasa, hannun ya fito yana sheƙi, yatsun sun cika har zoben da ta ƙi bari a yanke ya nutse cikin nama.

"Me kike yi haka?" in ji Yaya.

Ba shi ta amsa wa ba. Ta ce da matar, "Wace sana'a kike yi, 'yar'uwa?"

"Ɗinki."

"Da wane hannu?"

Matar ta ɗaga na dama kaɗan, ɓangaren da ciwon yake.

"Ni ba likita ba ce, ban san wanne ya fi miki ba. Su ma sun ce ba su gama sani ba. Wata an yi mata babban aikin ba ta kumbura ba. Amma ni ga nawa. Goma sha tara aka cire, ko ɗaya babu ciwo. Ki koma ciki ki yi tambaya har ki gaji, sannan ki karɓi biron nan. Mijinki ba zai taya ki ɗaukar hannun ba."

Mijin ya gyara zama. Matar ta kafa wa hannun ido.

"Rufe," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo. Ba girmanki ba ne."

"Ba na iya ɗaurewa da hannu ɗaya. Kullum maƙwabciya nake kira."

Ta ɗauko bandejin daga ƙasa ta miƙa masa.

Ya tsaya yana dubanta. Wata takwas yana kawo ta asibitin nan yana mayar da ita, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa ganin hannun a buɗe ba, in za a auna fita yake yi. Ya waiga ko nas na kusa, babu kowa. Ya karɓa, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya tallabo hannun da tafukansa masu kanta. Ta sakar masa shi gaba ɗaya, ba ta rage komai ba.

Hannayensa suka yi ƙasa kafin ya tare.

"Yana da nauyi," ya ce.

"Daga yatsu ake farawa, Yaya."