Motar Bawa Ba Ta Cin Gaba

Shekarar da damina ta yi wa mutane rowa, sojoji kuma suna riƙe da ƙasa, wani ɗan garinsu Bawa ya iso unguwar Harobanda, inda Bawa ke zaune, da saƙo: rijiyar Garin Gawo ta kusa ƙafewa, kowa yana tashi, amma Inna Habsatu, uwar Bawa, ta ce ba inda za ta. Ko da ta yarda ma, ƙafafunta ba su kai ta bakin hanya, kuma tsakanin ƙauyen da hanyar mota rairayi ne wanda direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke jin sunansa su ce suna da uzuri.

Bawa makanike ne, irin wanda in ka kai masa keke sai ya ba ka shawarar yadda za a mai da shi jirgi. Ya ce shi zai ƙera motar da za ta ɗauko uwarsa. Ya samo gangar jikin wata tsohuwar Landiroba da kaji suka daɗe suna ƙwai a ciki, da injin Fijo, da tayoyin wata motar aikin hanya, da kujeru biyu na makaranta. Maƙwabcinsa Sumana, Bazabarme mai walda, shi ke liƙa duk abin da Bawa ya nuna da yatsa.

Damuwar Bawa ɗaya ce, kada cikin motar ya zauna a rairayi. Sai dabara ta zo masa: ya kife ƙarfen da ke juya tayoyin baya, samansa ya koma ƙasa, motar ta ƙara tsawo. Sumana ya ce, "Bawa, haka masu ita suka yi ta?"

"Masu ita sun taɓa zuwa Garin Gawo? Liƙa kawai."

Sumana ya liƙa. Shi kuwa in ya liƙa abu, sai dai jikoki su gaje shi a haka.

Ranar gwaji unguwa ta taru. Bawa ya hau, ya gyara hula, ya sa bitas na ɗaya, wato giyar farko, ya ɗaga wa jama'a hannu. Motar ta yi tari, ta zabura da baya, ta bi ta kan murhun matarsa Salamatu. Ya sa na biyu, ta ƙara gudu, da baya dai. Ashe kifewar nan ta juya komai: bitas huɗu na baya, ɗaya tak na gaba, shi ma tafiyarsa kamar ta tsohon jaki.

Salamatu ta tsaya riƙe da marfin tukunya ta ce, "Maigida, Inna tana gabas ne ko tana cikin madafata?"

Kwance waldar zai ci kwana goma, in ji Sumana, kuma ba ya rantsuwa ƙarfen zai fita da rai. Tsoro ne ya kama Bawa, tsoro na gaske, domin rijiya ba ta jiran kwana goma. Ya shiga ɗaki ya ciro babban madubin Salamatu, ya ɗaure shi a gaban sitiyari, ya loda buhun hatsi da duro biyu na ruwa, ya ce da baya za shi.

A bakin gada wani soja ya tare shi. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa madubin, ya gyara gashin bakinsa a ciki.

"Kai, fita kake yi ko shigowa?"

"Fita, shef."

"To me ya sa kake kallon gari?"

Bawa ya yi bayani, har da zane a ƙasa. Sojan ya nemi takardun mota. Bawa ya ba shi na Landiroba da na Fijo, ya ce na tayoyi ne bai samu ba. Sojan ya juya su, ya dubi duron ruwa, ya tambayi shekarun tsohuwar. Sai ya miƙa masa takardunsa ya ce, "Wuce. In babbanmu ya tambaya, ni ban san ta inda ka nufa ba."

Kwana uku ya yi a hanya. Wuyansa ya sage, ya ture suri biyu da shingen wani bawan Allah, amma rairayin da ke cinye kamiyo motar ta taka shi ta wuce ko tsayawa ba ta yi ba.

Ya tarar da Garin Gawo saura gida huɗu. Inna Habsatu na zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame har ya kusa kasa gane ta. Ta sha ruwa, ta raba hatsin da sauran gidajen, sannan ta dubi motar ta ce, "Wane ne ya yi maka wannan mugunta?"

"Ni na ƙera ta, Inna."

"Allah ya shirye ka."

Sai da ya roƙe ta yini guda kafin ta bari ya ɗauke ta cak ya ɗora a kujera, ƙullin kayanta a cinya. Ya tada inji. Motar ta fara ja da baya, tsohuwar kuwa fuskarta na kallon ƙauyen sosai: ɗakinta, da rumbun da ba kome a ciki, da gawon da aka binne mijinta a kusa da shi.

Ta ce, "Ashe tana da tarbiyya. Haka ake tashi daga gaban manya."

Bawa ya yi dariya, ya kai hannu zai sa bitas na biyu. Ta dafe hannun, ba ta dube shi ba.

"Bar ta a haka, ɗan nan. Ban gama gani ba."