Gangar Ɗanasabe a Tsohuwar Kwamfuta

Tun ranar da Sada ya dawo daga Kano da sabuwar laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, situdiyon da suke haɗa kiɗa shi da ƙaninsa Maharazu a bayan tashar Funtua bai sake zama lafiya ba. Sada ya ce tasa ta fi ko ta ina: ba nauyi, ko an ɗauke wuta tana aiki, ba kamar tsohuwar ta kan tebur ba, mai gurnani kamar injin niƙa, fankarta cunkushe da ƙurar auduga. Maharazu ya jona wa laftof ɗin fiyano ya gwada, ya ji in ya danna maɓalli sai sautin ya ɗan makara. Kiɗan noma kuwa bugu ɗaya ya makara, fartanyu sun watse. Ya ture ta gefe.

Ba gardamar banza ba ce. A cikin tsohuwar nan gangar Ɗanasabe take, Bamagujen Tsiga, makaɗin gayya. Maharazu ya naɗi sautin kowane bugu nasa, ya ɗora a kan maɓallan fiyano. Bara 'yan bindiga suka harbe tsohon a gona, suka ƙone gidansa har da gangar. Sada ya yi ta cewa a kwafe sautukan zuwa laftof, Maharazu ya ƙi, taurin kai kawai, kada a ce ya sallama.

Ranar Litinin Baturiya, 'yar marigayin, ta aiko cewa in ta gama cin kasuwa za ta biyo ta ji gangar ubanta, domin sautin nan kaɗai ya rage mata na Babanta. Sada ya ce ba za a tarbi baƙuwa da wannan tarkace ba, ya hau zare wayoyin tsohuwar kwamfutar.

"Yaya, cire hannunka," in ji Maharazu.

Sada bai ko waiwayo ba. Zuciya ta ɗebi Maharazu, ya rarumi ƙarfen da ake ɗora fiyano ya kwaɗa masa a keya. Jini ya tsinke ya jiƙa kwalar rigar. Sada ya juyo ya kai masa naushi a baki har haƙori ya fita, suka kama kokawa, sifika ta kife a kansu. Da Sada ya samu ya miƙe, jini na bin wuyansa, sai ya sungumi tsohuwar kwamfutar ya maka ta da siminti. Ya ɗauki ƙarfen ya yi ta sara har cikinta ya tarwatse.

Maharazu ya rarrafa ya danna maɓallan fiyano ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya da ya amsa. Ya san laifin nasa ne.

Sallama suka ji daga ƙofa. Baturiya ce, da ƙullin gyaɗa a hannu ta kawo musu tsaraba. Ta dubi jinin, ta dubi Maharazu.

"Malam, ina Baba?"