Gidan Kwali

Da malamar labarin ƙasa ta kai darasin guguwar teku, sai ta ce kowane ɗalibi ya haɗo gidan kwali. Za ta kunna musu fanka a aji, wanda rufinsa ya tsaya shi ya ci.

Uwar wata ɗaliba ta so ta je ta roƙi a ɗauke wa 'yarta wannan aiki. Malamar sabuwa ce, ba ta san irin wannan guguwa ce ta koro su garin ba, bayan ta yaye rufin gidansu, bango ya rufta wa ƙanen yarinyar ya rasu. Amma mijinta, kafinta, wanda tun lokacin ba ya doguwar magana, ya ce, "Bar ta. Kawo kwalin, 'Yar Baba."

Uwar tana wanke-wanke tana satar kallonsu. Ya yanka, ya manna, ya huda kowace kusurwa, ya ɗaure rufin da siririyar waya har ƙasa.

"Baba, gida ne wannan ko kurkuku?"

"Riƙe nan, sarkin surutu."

Ya yi dariya. Uwar ta kashe famfo don ta ji da kyau.

Washegari yarinyar ta dawo da gidan a hannu, ko gezau bai yi ba. Ta ajiye shi a kan tebur, jaka na bayanta.

"Na kowa ya tashi, Umma, ban da nawa. Har ƙarshe Malama ta murɗa fankar."

"To madalla! Wanke hannu ki ci abinci."

"Ta ɗaga shi ta nuna wa aji. Wai in aka ɗaure rufi haka, gida ba ya faɗa wa mutane."

Uwar ta waiga ƙofa. Ta riga ta ji takun mijinta a waje.

"Kwali daban, gida daban, 'yar nan. Je ki canza kaya."

"Wa ya yi rufin gidanmu na da?"

"Na ce ki je!"

"Ni ne," in ji uban daga bakin ƙofa, garin katako a gashinsa.

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ka iya, Baba."

"Daga baya na koya."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi kuma ya juya ya fita, ko sallama babu. Uwar ta tsaya da ludayi a hannu, ta rasa wanda za ta fara bi.