Injin Ɗanliti

"Baba Cindo, Baba na kiranka," in ji Ummusalama, 'yar Ɗanliti, daga bakin ƙofa.

Cindo ya ajiye sifana. To fa! Tun suna samari suke maƙwabtaka a garin Gadarif, shi da Ɗanliti, kowa da injin niƙansa, amma matan unguwa ba su san ƙofar kowa ba sai ta Ɗanliti. Nasa injin sabo ne fil, na Ɗanliti kuwa tsohon injin tankar yaƙi ne da ubansa ya jawo daga dajin Gallabat bayan yaƙin Turawa. Abin yana cin Cindo ƙwarai. Da ciwo ya kwantar da mutumin, injin ya yi shiru, Allah ya sani har wani sanyi ya ji a ransa.

Ya tarar da shi kwance, ya rame sai idanu.

"Ya zol, mutumina, shirun nan ya hana ni barci. Tayar min da shi."

"Ni? Ina na san kansa?"

"Kai dai! Wa ke manna kunne a katangata kullum?" Ɗanliti ya yi tari. "Masu shi motoci suke ƙerawa, yaƙi ya sa su ƙera tanka. Na farkonsu zafi ya riƙa kashewa, sai suka faɗaɗa masa ma'ajin ruwa. Cika shi tukuna."

Ga shi zai sake ba da tarihin nan, har a bakin kabari! Cindo ya fita yana ƙunƙuni. In ya bar injin a mace, gobe dawar unguwa duk tasa ce. Ya daɗe tsaye. Sannan ya zuba ruwa, ya ɗura mai, ya juya hannun, ya saurara sai da ya ji ɗan tarin nan da ya haddace ta bayan katanga, ya saki.

Injin ya kama, ƙasa ta ɗauki rawa.

Kafin la'asar mata sun yi layi da ƙwaryar dawa, Cindo na niƙa yana cika yana batsewa. Ummusalama ta leƙo, idonta jawur.

"Ya cika, Baba. Yana murmushi."

Cindo ya kai hannu zai kashe, ya kasa. Wata tsohuwa da ba ta ji rasuwar ba ta murza garin a yatsunta.

"Kai, hannun Ɗanliti daban ne."

 Cindo ya karɓi ƙwarya ta gaba, gari na sauka a gemunsa.