Akuya a Layin Nuriyya

An daɗe ana nuna wasan nan a talabijin, amma ba wanda ya haɗa Nuriyya da shi sai da ta fito takarar kansila a mazaɓar Tamawa. Wasan barkwanci ne na wata mata mai suna Yahanasu, baƙa wuluk, mai ƙaton ɗaurin kallabi, wadda ta rantse sai ta mulki garinsu. Kowane mako sai an kunyata ta. Yau lasifika ta mutu tana tsakiyar jawabi, gobe kujera ta karye da ita a gaban manya. Nuriyya ma baƙa ce, doguwa, ga digiri ga baki. Mutane ba su nemi ƙarin hujja ba.

A Dutsin-Ma take koyarwa, a gidan gwaggonta take zaune. Gidan na da sola, don haka duk ranar wasan matan unguwa nan suke cika tsakar gida bayan magariba. Ranar da aka nuna zaɓen fid da gwani, Nuriyya na gefe tana tsinkar zogale. Irin zaɓen nan ne na ƙato bayan ƙato, inda kowane ɗan takara zai tsaya, masu son sa su jeru a bayansa a ƙirga su. Yahanasu ta tsaya tana hura hanci. Da aka gama ƙirga ta juya, ba kowa a bayanta sai wata akuya tana cin gefen gyalenta.

Tsakar gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya Sakinatu, maƙwabciyarsu, ta yi dariya har da hawaye.

“Maganinta ke nan!” in ji ta. “Mace ta tsaya ƙiƙam gaban maza kamar turken lantarki.”

“Ni baƙin nata ma ke ba ni dariya,” wata ta ce. “A fasta ba ka ganin komai sai haƙora.”

Hajiya Sakinatu ta share ido ta waigo. “Malama Nuriyya, ku naku yaushe ne?”

“Asabar, Hajiya. In kina da akuya ki aiko da ita, ba na raina magoya baya.”

Aka sake fashewa, amma ba da ita ake dariyar ba, ita ake yi wa. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Akwai abin da ta lura da shi a wasan wanda su ba su damu da shi ba: duk wulaƙancin da aka yi wa Yahanasu, mako na gaba sai ta dawo da sabon kallabi. Ta san wanda ya tsara wasan ba don yabo ya yi hakan ba, don a samu abin dariya na gaba ne. Duk da haka abin ya zauna mata a rai.

Ranar Juma'a ta shiga motar Kurfi za ta gida Tamawa. A kujerar gaba akwai Maniru, shugaban matasan abokin takararta, Alhaji Garba. Tun kafin su fita gari ya kunna wasan a wayarsa, daidai wurin akuyar, ya ɗaga ta sama don na baya su gani. Yana ƙarewa ya maido shi farko.

“Direba, a yi a hankali,” in ji shi. “Da Hajiya Yahanasu muke tafe.”

Wani dattijo da ke kusa da ita ya ce shi bai ga laifin wasan ba, tarbiyya yake koyarwa, ya kamata a riƙa nuna shi a makarantun 'yan mata. Maniru ya yi kukan akuya. Nuriyya ta kafa idonta a kan gonakin gero da ke wucewa har suka sauka.

Kafin ta isa Tamawa wayarta ta yi ta ƙara. Matan da take koya wa karatu lokacin hutu ne, waɗanda suka yi mata alkawarin tsayawa bayanta. Wannan mijinta ya hana, waccan surukarta ba lafiya. Rukayya ce kaɗai ta faɗi gaskiya: “Malama, yaran Alhaji Garba sun ce duk wadda ta tsaya za su ɗauke ta a waya su haɗa da hoton akuyar su yaɗa. Ni ina da 'ya'ya.”

Kawu Badamasi, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, yana zaune a zaure yana jiran ta.

“Ɗiyata, zauna. Kin san abin da ake kiran gidan nan yanzu? Gidan su Yahanasu. Jiya a masallaci aka tambaye ni ko na tanadi dusa. Ki janye yau, mu fita da sauran mutunci.”

“Kawu, in na janye yau, wasan ne ya kayar da ni, ba Alhaji Garba ba.”

“To ji nan. Na hana kowa na gidan nan tsaya miki, kuma ba zan warware ba. Ki je ki tsaya. In kin juya kika ga mutum, ko ɗaya ne, na cire bakina daga siyasarki. In ba kowa, kin bar ta har abada, kuma a gabana za ki rantse.”

Ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba. “Na yarda, Kawu.”

Da hantsi aka taru a filin makarantar firamare. Jami'in da uwar jam'iyya ta turo ya maimaita ƙa'idar da kowa ya sani: ɗan takara ba ya waiwaye sai an gama ƙirga, don kada ya tsorata masu layi da ido, kuma da zarar an fara ƙirga, inda mai ƙirga ya sami mutum nan ne layinsa. Alhaji Garba ya tsaya cikin babbar riga. Nuriyya ta tsaya can gefe da baƙin hijabi, rana na dukan ta.

Ta ji ƙafafu suna ta wucewa, duk suna nufar hagu. Bayanta shiru. Ta kasa kunne ko za ta ji tari ko motsin takalmi, ba ta ji komai ba. Can sai ga kukan akuya, na gaske ba na Maniru ba, da jan igiya, da bugun turke a ƙasa daidai dugaduganta.

Filin ya ruɗe da ihu. “Yahanasu! Yahanasu!” Ta ga wayoyi sun tashi sama ta gefen idonta. Wani abu mai ɗumi ya taɓa bayan gwiwarta, ya fara jan hijabinta. Wuyanta ya yi ta ƙaiƙayin juyawa. Ta tuna ƙa'ida, ta tuna cewa juyawar nan suke jira su ɗauka, sai ta zaɓi wani reshen bishiyar dogon yaro da ke gabanta ta zuba masa ido. Gumi ya gangaro mata har cikin kunne.

Jami'in ya fara ƙirga layin Alhaji Garba. Bai yi nisa ba wata murya ta tsaga hayaniyar.

“Kai! Wannan ba jar akuyata ba ce? Wane marar kunya ne ya kwance mini ita?”

Nuriyya ta gane muryar. Iya Azumi ce mai ƙosai, wadda ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa su ba, kuma tun safe take can ƙarshen layin mata na Alhaji Garba.

“Iya, wasa ne,” in ji Maniru. “Koma layi, za a maido miki.”

“Wasa? Da akuya mai tsohon ciki? Ka ja ta cikin ranar nan tun daga gida? In ta yi ɓari kai za ka haifa mini?”

Aka yi dariya, wannan karon Maniru ake yi wa. Nuriyya ta ji takun tsohuwar ya iso bayanta, tana kokawa da ƙullin igiya tana zagi.

“Iya, an fara ƙirga,” jami'in ya ɗaga murya. “In na iso na same ki nan, nan zan sa ki.”

“Sa ni! Ga katina. Mutumin da tun bai hau ba yaransa ke kwance dabbar mutane, in ya hau sai su kwashe mana rufin ɗaki.”

Layin Alhaji Garba ya ɗauki lokaci mai tsawo. Na Nuriyya kuwa numfashi ɗaya ya ishe shi. Da jami'in ya ce an gama, ta juya a hankali. Iya Azumi na tsaye, igiya a hannu, akuyar na tauna wani yanki na baƙin hijabi.

“Kar ki yi mini godiya,” in ji tsohuwar. “Ba don ke na zo ba. Ni ma ina kallon wasan, kuma wallahi kuna kama.”

Aka ɗauke Alhaji Garba a kafaɗa ana kiɗa. Masu wucewa ta gabanta suna ta kukan akuya, wasu mata suka rufe baki da mayafi. Kawu Badamasi ya zo daga inuwa, fuskarsa a murtuke.

“Akuya ce ta kawo tsohuwar nan, ba ke ba.”

“Jami'i ya ƙirga ta, Kawu.”

Ya daɗe yana kallon tsohuwar da ke jan dabbarta zuwa gida. Sannan ya gyara hularsa ya ce, “Na yi alkawari, ba zan warware ba.” Ya juya ya tafi bai jira ta ba.

Kafin la'asar hoton ya riga ta isa Dutsin-Ma. Ranar wasan na gaba matan unguwa suka cika tsakar gida fiye da kullum, kowa na satar kallon ƙofar ɗakinta. Nuriyya ta fito da hijabin nan mai yagaggen gefe, ba ta ɗinke shi ba. Ta ɗauko kujera ta ajiye a gaban kowa, dab da talabijin.

“Hajiya Sakinatu, matsa kaɗan,” ta ce. “Ina so in ga da wane kallabi ta dawo.”