Fasinjojin Ƙarfe Bakwai

Ƙarfe bakwai daidai Agogo ya murɗa mabuɗi, da fasinja uku kacal a bas mai cin mutum goma sha takwas. Ɗan kamasho ya biyo shi da gudu yana dukan jikin motar, yana tambaya ko motar uban wa ta taɓa barin tasha ba ta cika ba. Agogo ya nuna masa tsintsiyar hannunsa ta taga, ya wuce.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙi a babban kamfanin sufuri, inda mota ke tashi a kan lokaci ko da direba ne kaɗai a ciki. Da kamfanin ya durƙushe, masana suka cika rediyo da cewa gari zai tsaya cak. Kwana uku garin ya yi yana makoki. A na huɗu ƙananan bas suka fito kamar fara, har da waɗanda sai an tura suke tashi. Faɗuwar wani tashin wani.

Wannan bas ɗin ta ƙanin matarsa ce, wanda ya ba shi gwajin mako guda don yayar ta ishe shi da waya. Ya kuma gindaya sharaɗi: ranar da ya fita da kujeru babu kowa, ranar zai ajiye mabuɗi. Kwana shida Agogo ya daure yana zaman jira har hantsi. Yau, rana ta bakwai, hannunsa ya riga shi murɗa mabuɗi. Sai da ya hau titi tsoro ya kama shi, don ya san zaman gida, ya san kuma irin kallon da matarsa ke yi wa namiji mai zaman gida.

Hali zanen dutse, sai ga shi ya taka birki a tsohuwar matsayar kamfani. Mutum bakwai ne a ƙarƙashin rumfar da ta yi tsatsa. Wata malamar asibiti ta shiga tana mita, wai kullum nan suke tsayawa, ƙananan motocin nan kuwa a cike suke barin tasha, sai dai su baɗe su da hayaƙi. A matsaya ta uku ma sai da ya ba wasu haƙuri.

Da ya dawo tasha da mota cike, ya tarar da mai motar a tsaye, ya miƙo hannu yana jiran mabuɗi. Ya ga mutane suna ta sauka, ya mayar da hannun aljihu.

"Yaya, a ina ka samo su?"

"Inda kamfani ya bar su."

Ƙanin ya waiga hagu da dama, ya roƙe shi don Allah kada ya faɗa wa kowa.

Washegari Agogo ya iso tasha cikin fara'a. Direbobi huɗu ya gani sanye da sabon agogo, kuma bakwai saura minti biyar duk suka tashi.