Gonar da Ta Riga Nuna

Mammadu ya sake kaɗa gwangwanin da ke hannunsa. Tsuntsayen jan-baki suka tashi kamar hayaƙi, suka yi ɗan zagaye, suka sauka a ɗaya gefen gonar. Tun asuba yake wannan fama, murya ta dushe, ko koko bai sha ba.

Duk ƙauyensu, can gefen Garki, shi kaɗai ya karɓi irin gero mai saurin nuna da malamin gona ya kawo daga Dutse. Dole ce ta sa. Bara ruwan sama ya ɗauke tun gero yana da ciki, rumbunsa bai kai su ko tsakiyar rani ba. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai geron gwamnati gajere ne, karansa ko darni ba zai yi ba. Abu ɗaya ne malamin bai faɗa ba, shi ma bai zo masa a rai ba: gonar da ta nuna ita kaɗai, duk tsuntsun ƙasar ita zai nufa.

Da hantsi ƙafafunsa suka gaza. Ya zauna a kan kunya yana kallon abincin 'ya'yansa na tafiya a bakin tsuntsu, ƙwalla ta cika masa ido.

Sai ya ji sallama. Baba Lado ne, maƙwabcinsa na gona, wanda dariyarsa ta fi ta kowa ƙara. Igiya ce naɗe a kafaɗarsa, mutane na biye da shi da gwangwanaye da tsummoki.

"Sannu da aiki, Mammadu."

"Yauwa, Baba. An zo kallon geron gwamnati ne?"

"Tsaronsa aka zo yi. Namu ai ka gan shi, ya tsaya cak, ganye ya nannaɗe, sama kuma ta washe. In tsuntsu ya cinye wannan, baɗi me za mu shuka?"

Kafin ya ce uffan an fara kafa sanduna ana jan igiya. Aka rataya gwangwanaye, kowa ya kama kusurwa. Tsuntsayen suka zo, suka rasa wurin sauka.

"Baɗi rana ɗaya za mu shuka gaba ɗaya," in ji tsohon, "tsuntsu ya rarrabu, kowa ya ɗauki rabonsa na ɓarna."

Mammadu ya miƙe zai koma bakin aiki. Baba Lado ya zare gwangwanin daga hannunsa.

"Je ka gida ka karya. Gonar nan yanzu ba taka ba ce kai kaɗai."